Hoton da Babu Turke a Cikinsa

Ina shara a ƙofar gida da safe na ji turken waya ya yi shiru. Tun ina ƙarama na san kukansa. Idan iska ta taso daga gabas, wayar tangaraho da ta ratsa unguwarmu ta nufi Damagaram takan yi wani gurnani siriri, ya gangaro ta cikin itacen, mu kara kunne mu ce Nasara ne ke gulmarmu. Ran nan kuwa iska na kaɗawa har tana ɗaga mini gyale, amma da na jingina bayana da turken don in gyara ɗaurin tsintsiya, ban ji komai ba. Na ɗaga kai. Can sama, kamu biyu daga farin tangaran ɗin da ke riƙe da wayar, sai na ga ƙarfen ya katse, an haɗa bakinsa biyu da tsirkiyar fata, ƙulli mai kyau irin na igiyar guga, tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuma akwai tazarar tafin hannu guda wadda babu komai a cikinta sai fata. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Ku ƴaƴana da jikokina kun san hoton da ke rataye a ɗakina. Kun sha cewa ƙofar gidan kakanninku ta yi kyau. Kun kuma sha jin abin da ake faɗa a zuri'ar Baffa Bukar, ƙanen mahaifina, cewa ni Aisa ƴar lekwal, ni ce na ba da Baffa ga Nasara don in tsira da kaina. Na yi shiru a kan maganar nan tsawon rayuwata saboda Baba da Inna suna raye, bayan sun rasu kuma saboda nauyinsu. Yanzu ba sauran wanda zan kare sai ku, ku kuwa ba na son ku gaji ƙarya.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Lekwal, makarantar bokon Nasara, ba da son Baba na yi ta ba. Da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro, shi ya ga gara ya ba da mace ya riƙe namiji a wajen raƙuma, sai aka tura ni. Na gama ta garinmu Gure, aka kai ni babba a Damagaram, na dawo da takardar shaida, ana maganar za a tura ni koyon aikin ungozoma. Namijin da aka riƙe ɗin, Yaya Musa, bai tsira ba shi ma, aka ɗauke shi soja aka yi gaɓar teku da shi. A shekararsa ta biyu can ya sa aka rubuto mana wasiƙa, ni na karanta ta a tsakar gida. Bai roƙi komai ba sai abu ɗaya. Ya ce abokansa suna da hotunan gidajensu, shi kuwa ya fara mance yadda ƙofar zaurenmu take. A ɗauko masa mu duka a bakin ƙofar, ƙofar ta fito gaba ɗayanta. Inna ta sa na maimaita wurin sau uku, ta shiga ɗaki ba ta ci abinci ba ranar.

Bayan kaka wani mai hoto ya zo daga Damagaram cin kasuwa, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake lulluɓa. Baba ya kira shi. Aka yi wa ƙofa sabon yaɓe, Inna ta ciro zanenta na saƙi daga adaka, aka shimfiɗa buzu, Baba ya zauna dama, Inna hagu, ni da ƙannena a baya. Mutumin ya shiga cikin ƙyallensa, ya fito, ya ja akwatin baya, ya sake shiga, ya fito yana tsaki. Turken nan taku huɗu ne kawai daga bakin zaurenmu. In ya matso ya wuce shi, ƙofa ba ta shiga duka. In ya ja baya, turke ya tsaya a tsakiya. In ya karkace gefe, rana ta shiga idon akwatin. Ya kira ni in leƙa, tunda ni ce ƴar boko. Na ga gidanmu a kife a jikin gilashi, kawunansu a ƙasa, ga baƙin itace ya tsaga ƙofar biyu, Baba a ɓangare ɗaya, Inna a ɗaya.

"Me kika gani?" in ji Inna.

Na gaya mata.

"Itace a tsakanina da Malam? Tsaye a kan mutum kamar wanda ake kafawa a kushewa? Wannan zan aika wa ɗana yana bakin bindiga? A'a. Naɗe kayanka, bawan Allah."

"Uwar gida, ai ba ni na shuka shi ba," in ji mai hoto. "Duk garin da waya ta bi haka nake fama. In ba turke ba, wayar ce za ta yanke wa mutum rawani."

Nan ne na yi maganar da aka riƙe ni da ita har tsufana. Da dariya na yi ta, don in kwantar wa Inna da rai.

"To sai a ce masa ya ɗan matsa mana."

Kowa ya yi dariya, ban da Inna da Baffa Bukar. Shi ya tashi ya zagaya turken yana bugun gindinsa da ƙafa. Yana cikin waɗanda aka kama aikin tilas lokacin da aka sake kafa turakun layin, ya ɗauki gumagumai a kafaɗa har ta yi kanta.

"Ƴar Mushe ta yi gaskiya," in ji shi. Haka yake kirana, da sunan malaman lekwal. "Ni na haƙa ramin nan da hannuna. Yashi ne, bai kai ƙugu ba. Wanda ya tsai da shi ai ya isa ya kwantar da shi."

Baba ya ce, "Bukar, kayan Nasara ne."

"Yaya, ƙofar gidan ubanmu ce. Da suka zo kafawa sun yi mana sallama?"

Baffa ya hau turken, ya kwance wayar daga jikin tangaran, shi da maƙwabcinmu suka tone gindin, suka kwantar da turken a jikin danga. Wayar ta sauko ta yi ciki a daidai saman ƙofa, sai Baffa ya ɗauko doguwar gwafar da ake tokare rumbu da ita, ya tsaya can gefe ya ɗaga ta sama har ta fita daga idon akwatin. Mai hoto ya ce kada kowa ya motsa, ya cire murfi, ya ƙirga, ya mayar. Inna ta yi murmushi, abin da ba ta yi ba tun tafiyar Yaya. Aka ce in shiga in dama wa baƙo fura. Ina ciki aka tai da turken. Daga baya na ji cewa wajen jan wayar da igiyar raƙumi don a mai da ita kan tangaran ta tsinke a wani tsohon haɗi, guntu ya karye ya faɗi, bakin biyu suka ƙi kai wa juna. Baffa ya yi abin da duk mai rijiya ke yi in igiya ta gaza. Ya ƙara mata fata.

Da na ga ƙullin da safen nan, na ruga zaure na tarar da Baba da Baffa suna shan kunu.

"Baba, wayar ta mutu."

"Wace irin mutuwa?" in ji Baffa. "Je ki rataya a kanta ki gani ko za ta sake ki. Ƙullin nan raƙumi ma ba ya tsinka shi."

"Baffa, ba ƙarfi ake nema ba. Magana ba ta bin fata. Sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe."

"Ji mini! Maganar da ta ratso daji tun daga Damagaram, tafiyar kwana da kwanaki a kan raƙumi, ita ce tafin hannu ɗaya zai gagare ta tsallakewa?"

"Wallahi Baffa haka aka koya mana. A bar ni in je wajen mai gyaran waya in gaya masa tun ba a gano ba. A ce iska ce."

Baffa ya ajiye ludayi. Fuskarsa ta canja.

"Ki je ki kira mana su da ƙafarki? Yaya, ka ji abin da lekwal ke haifarwa."

Baba ya dubi cikin ƙwarya ya ce, "Koma ciki, Aisa. Abin da ba a tona ba ba ya wari."

Na koma. Wannan shi ne laifina na gaskiya, in ana neman laifina. Na san daidai, na ji tsoron a ce ba ni da kunya, na zauna. Kwana uku ina fita shara ina jingina da turken ko zan ji ya farfaɗo, yana nan shiru kamar gawa. A rana ta uku da hantsi muka hango gardi biyu, ƴan sandan Nasara, a kan raƙuma tare da mai gyaran waya, suna bin layi turke bayan turke, kawunansu a sama. Suka tsaya a ƙofarmu. Mai gyaran ya hau, ya yanko ƙullin da wuƙa, ya sauko yana juya shi a hannu kamar ya tsinci kunama. Babban gardin ya ce kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya kwana uku ba ya ji daga Damagaram, ba a ji daga gare shi, kuma yanke wayar gwamnati a wurinsu daidai yake da ɗaga makami. Kafin azahar a kawo wanda ya yi, in ba haka ba duk mazan gidan su biyo shi.

Aka taru a zaure, aka sakaya ƙofa. Ni ma aka kira ni, abin da ba a taɓa yi ba. Baffa yana zaune a lungu, duk zafin bakin nan ya tafi, gumi na bin wuyansa. Ya taɓa gudu daga aikin hanya, sunansa na cikin littafinsu, kowa ya san in aka sake kama shi arewa za a yi da shi, inda ake haƙa ramin turke a cikin dutse. Ƴaƴansa biyar, babbarsu ba ta kai ni ba. Babu wanda ya dube ni. Inna ce ta fara.

"Aisa, ke ai tasu ce. Kina jin harshensu. Ba za su taɓa tasu ba."

"Inna, ni me na yi?"

"Ai ke kika ce a matsar da shi," in ji Baffa a hankali, kansa a ƙasa. "Kowa ya ji."

"Wasa nake yi, Baffa."

"Ki ce wayar ta tsinke da kanta, kika ji tsoro kika hau kika ɗaura. Yarinya ce, za su yi faɗa su sake ki. Ni in na shiga ba zan fito ba, ƴar Yaya."

Ranar ce kaɗai ya kira ni ƴar Yaya. Na juya wajen Baba. Ina jira ya ce a'a, ko ya ce shi ne mai gida, shi zai je. Kalma ɗaya nake nema. Ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce,

"Ki saka gyalenki mai kauri. An ce da sanyi a can."

Na yafe wa Baffa tuntuni, don tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Na yafe wa Inna. Maganar gyalen nan ce na kai shekarun nan ina ƙoƙarin haɗiyewa, ba ta wuce ba.

Aka tafi da ni bariki a ƙasa, gardi gaba gardi baya, ta tsakiyar gari, mata na leƙowa ta kan danga. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki a bayan gidan kaso inda ake ajiye geron fursuna, da wata tsohuwa mai yi musu daka. Kwana takwas na yi. Ba a doke ni ba, kada in ƙara abin da bai faru ba. Amma kullum da safe gardin da ke buɗe ƙofa sai ya ba ni labarin matan da aka kai kason Damagaram, yadda suke ɗiban ruwa da tulu daga asuba har gashin kansu ya zube, da yadda ba mai auren wadda ta fito. Ya ce maganar ungozoma kuwa in mance da ita. Duk takun takalmin da na ji sai in ce yau ce. Na daina iya riƙe taɓarya, tsohuwar ta riƙa karɓa tana cewa in zauna. Daga gida tuwo na zuwa kullum a cikin akushin Inna, ba saƙo, ba gaisuwa. Ba wanda ya tako. Ta tagar ɗakin ina hango wayar da aka gyara, iska na kaɗa ta, tana kukanta kamar ba abin da ya faru.

A rana ta tara aka kai ni biro, ofishin kumandan. Kumandan na zaune bayan tebur, tafinta tsaye a gefensa, mai unguwarmu a durƙushe bakin ƙofa. Ƙullin fatar na kan tebur. Ya yi mini magana da Faransanci kai tsaye, ya ce an gaya masa ina da takardar shaida. Na ce e. Ya ce wa ya yi wannan. Na faɗi abin da aka sa ni, kalma bayan kalma, yadda na maimaita shi kwana takwas. Ya saurara har na gama.

"A lekwal an koya muku yadda saƙo ke bin waya?"

Da na ce a'a, da wataƙila zancen ya sake. Amma wanda ya yi shekaru yana ɗaga hannu a aji, bakinsa kan riga hankalinsa. Na ce an koya mana.

"Yana bin fata?"

Na dubi ƙullin da ke kan tebur.

Ya sa aka kawo tsirkiya da guntayen waya biyu, aka ajiye a gabana, ya ce in ƙulla masa irin wancan. Na ɗauka. Ban taɓa jan guga daga rijiya mai zurfi ba, ban taɓa ɗaure kaya a kan raƙumi ba, hannuna alli da allura ya sani. Na naɗa, na zarge, na ja, ya warware. Na sake, ya warware. Hawaye na zuba a kan fatar tana santsi. Na yi ƙoƙari, ku ji ni da kyau, na yi iyakar ƙoƙarina in ɗaura wa kaina laifin nan, ya ƙi ɗauruwa.

Sai ya ja aljihun tebur ya fito da hoton. Ashe tun a hanyar Damagaram aka tare mai hoto kafin ya aiko mana da shi, aka karɓe shi. Ya kira mai unguwa ya matso, ya sa tafinta ya ce masa ya faɗi sunan kowa da ke ciki. Mai unguwa ya bi mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kumandan ya ce turken ba ya cikin hoto, wayar ma ba ta ciki, ita kuwa waya ba ta tsayawa a sama don kanta. Akwai wanda ya riƙe ta. Wane namiji ne na gidan nan ba ya cikin hoton? Mai unguwa ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya faɗi suna. Ni ba a tambaye ni ba, ban kuma buɗe baki ba. Allah shi ne shaida, shi da tafintan da ya riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya biyo baya kun san shi a gutsure. An yi arewa da Baffa aikin layin waya, ya dawo bayan shekara biyu da tarin da bai bar shi ya ga damina ta gaba ba. Mai unguwa bai taɓa faɗin cewa shi ya ambaci sunan ba, ni kuma ban tona shi ba, don shi ma a durƙushe yake. Baba ya san gaskiya, na gaya masa a daidai ranar, amma duk lokacin da matar Baffa ta tsaya a tsakar gida tana cewa ƴar Nasara ta cinye mata miji, sai ya tashi ya tafi masallaci. Koyon ungozoman ma ban je ba. Ba Nasara ne suka hana ni ba, gida ne aka ce lekwal ta isa haka, an ga abin da ta jawo. Har yau ba na zama ƙarƙashin waya, kun sha yi mini dariya in na ja tabarmata gefe. Ba na kuma yarda a ɗauke ni hoto a waje.

Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. An mai da ni ɗakin gero, na zauna a kan buhu ina jiran a zo a tafi da ni Damagaram saboda ƙaryar da na yi wa kumandan. Wajen la'asar ƙofa ta buɗe. Ba gardi ba ne, tafinta ne, dattijo mai furfura, ɗan garinmu, wanda ya san ni tun ina goye.

"Tashi, ƴata. Kin kuɓuta. Kumandan ya ce babu komai a kanki, ki tafi gida."

Na tashi na bi shi. Da muka fito fili na ga ana shigowa da Baffa ta babbar ƙofa, hannuwansa a ɗaure ta baya da igiya. Muka yi kusa da juna har ina jin warin hayaƙin gidanmu a rigarsa. Na buɗe baki in ce masa ban faɗa ba. Ya riga ni.

"Sannu, Ƴar Mushe. Karatu ya yi rana."

Aka ja shi ciki. Tafinta ya bi ni har bakin hanya, ya zaro wani abu daga aljihun rigarsa ya saka mini a hannu.

"Ya ce an gama da shi. Wai ku aika wa sojanku."

Na tsaya a rana na duba. Ya fito tsaf. Ga ƙofar zaurenmu gaba ɗayanta da sabon yaɓenta, ga sararin sama fes a bisanta, ga Baba, ga Inna tana murmushi, babu komai a tsakaninsu.